Babana Ya Busa Kiɗana a Gidan Biki, an Cire Ni Daga Gasa

Anti Persida,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, domin na rasa wanda zan faɗa wa. Duk wanda na fara ba shi labarin, kafin in kai rabi sai in ga yana danne dariya, daga nan shi ma sai in ji ya fita daga raina.

Ni marubuciyar kiɗa ce, irin kiɗan da ake tsarawa a takarda don babbar ƙungiyar makaɗa, masu goge da masu sarewa da masu ƙaho da masu ganga, kowa da nasa layin. Abin da na karanta ke nan. Abin da nake ci da shi kuwa daban ne: ina koya wa 'ya'yan masu hali fiyano a Novi Sad, yaran da iyayensu ne ke so, ba su ba. Shekarata talatin da huɗu, kuma har yau ban taɓa jin kiɗana daga hannun cikakkiyar ƙungiya ba. Kwamfuta ce ke kaɗa min shi, da wata murya kamar ta mai mura.

Akwai wata gasa da ake yi a wani birni na Italiya duk bayan shekara biyu, ta matasan marubuta kiɗa daga ko'ina a duniya. Wanda ya kai zagayen ƙarshe, ƙungiyar birnin za ta kaɗa aikinsa a gaban jama'a da alƙalai. Manyan sharuɗɗan biyu ne: kada ka cika shekara talatin da biyar, kuma kada a ce an taɓa kaɗa aikin a bainar jama'a, ko da wani yankinsa ne. Na shiga a baya ban kai ko'ina ba. Wannan ce damata ta ƙarshe, kuma a wannan karon na kai. Sunana ya fito cikin mutum biyar, daga ɗaruruwa. Ranar na zauna a ƙasan ɗakin girki na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

To, ga inda Baba ya shigo. Sunansa Milutin, kuma idan kin taɓa zuwa biki a ƙauyukan bayan Užice, wataƙila kin liƙa masa kuɗi a goshi. Shi ne shugaban 'yan badujalar yankinmu, tun kafin a haife ni yake busa ƙaho, yayana Vidak kuma shi ke riƙe masa babbar ganga. Baba bai iya karanta rubutun kiɗa ba, kuma yana alfahari da hakan. Ya ji sau biyu, ya ɗauka. Tun ina yarinya yake min ba'a: “Malama, wannan kiɗan naki ta ina ake shiga rawarsa?” Ranar da na gama karatu cewa ya yi shekara da shekaru ina makaranta amma ko amarya ɗaya ban taɓa sa ta kuka ba.

Bara da bazara na koma gida don in ƙarasa aikin, saboda maƙwabcina a birni yana buga min bango da zarar na taɓa fiyano. A tsohon fiyanon falonmu na haɗa tsakiyar kiɗan, wani sautin da na tsara masu goge su ja shi a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa. Shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ina ta maimaita shi, taga a buɗe saboda zafi, Baba yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi yana goge ƙahonsa. Bai taɓa cewa uffan ba. Har na ji daɗi, na ce yau dai ya ƙyale ni.

Ashe ɗauka yake yi. Bayan na tafi ya koya wa mutanensa, suka ninka saurinsa, suka mai da shi kiɗan kolo, rawar da'irar nan ta gidan biki. A bikin ɗan wani mai gidan mai ya karɓi lasifika, ya faɗi sunana da sunan kiɗan, ya ce na 'yarsa ne wanda za a kai Italiya, amma mutanen gida ne ya kamata su fara ji. Vidak ya sa bidiyon a intanet, ya rubuta komai dalla-dalla don kada wani ya yi kuskure. Duk wannan ban sani ba, domin ba na bin shafin Vidak, babu komai a ciki sai gasassun 'yan tumaki da mutane masu gumi.

Wani dai ya bi. Ko cikin abokan takara ne, ko wani mai baƙin ciki, ban sani ba. Saƙo ya zo min daga sakatariyar gasar, cikin ladabi mai sanyi, cewa sun ga shaidar an kaɗa wani muhimmin yanki na aikina a gaban jama'a, don haka sun dakatar da ni.

Nan take na kira Baba. Kin san abin da ya ce? “Ashe har can ya kai? To ai sai su ƙara miki maki.” Na ce Baba an cire ni. Ya ce, “Su waye za su cire ki? Ba ni lambarsu.” Da na yi masa bayanin sharaɗin sai ya yi dariya, ya ce wace irin sana'a ce wannan da ake ɓoye kiɗa kamar cikin shege. Sannan ya faɗi maganar da har yanzu take ci na: “Ke kin bar shi yana jan ƙafa kamar za a kai gawa. Gyara miki shi na yi.”

Gyara min ya yi, Anti. Aikin shekara biyu na rayuwata.

Kada ki tambaye ni ko na taɓa gaya masa sharaɗin. Ban gaya masa ba. Wa zai zauna ya ce wa ubansa don Allah kada ka kwashe min aiki ta taga? Kuma yaushe ya taɓa sauraron maganar aikina har ƙarshe ba tare da ya mai da ita abin dariya ba?

Na roƙi masu gasar. Suka ce akwai ƙofa ɗaya: kwamiti zai sake dubawa idan aka tabbatar a rubuce cewa an kaɗa shi ba da izinina ba. Sun fi son wanda ya kaɗa ya sa hannu. Na aika wa Baba, ya ce ko a kan gadon mutuwa ba zai rubuta cewa ya yi wa 'yarsa sata ba. Sakatariyar ta ce ni ma zan iya rubutawa da kaina, amma dole in faɗi sunansa, kuma za su wallafa bayanin tare da hukuncinsu don sauran 'yan takara su gani. Wa'adin zai cika ƙarshen watan nan, kuma ba su yi min alkawarin komai ba.

Da Vidak ya ji sai ya kira ni. “Wato za ki je ki gaya wa duniya tsohon nan ɓarawo ne? Kin san sauran masu badujala jira suke. Idan kika yi, kada ki zo mana slava.” Slavarmu, wato bikin shekara da kowane gida ke yi wa waliyyinsa, ta Waliyyi Nikola ce, wata mai zuwa, kuma tun da aka haife ni ban taɓa rasa ranar da ake haɗa hannu a juya burodin bikin a falonmu ba. Gwaggona Leposava kuwa cewa ta yi in gode wa Allah, wai yanzu babu bikin da ake tashi ba a busa shi ba, har suna an sa masa, kolon 'yar Milutin. Shekaranjiya na ji shi yana tashi daga wata mota a kan gada, a nan Novi Sad. Na tsaya cak har motar ta wuce.

Ina jin haushinsa har ba na son jin muryarsa. Kuma ina jin haushin kaina da nake jin kunyar rubuta gaskiya. Shi da ya ɓata min ko a jikinsa, ni da aka ɓata wa ni ce ake jira in ba da haƙuri. In rubuta, ko in haƙura in ci gaba da koya wa yaran mutane inda ake ajiye babban yatsa har in tsufa?

Wadda aka cire,
Novi Sad

*

'Yata,

Ban yi dariya ba. An yi miki ɓarna babba, kuma wanda ya yi ta bai nemi gafara ba. Duk wanda ya ce miki ba komai ba ne, bai san abin da ake nufi da shekara biyu a kan aiki ɗaya ba. Kina da haƙƙin jin haushi, kada Gwaggo ko wani ya karɓe miki shi.

Amma ki bar ni in tsaya a wurin Babanki na ɗan lokaci. A sana'arsu kiɗa ba na ajiya ba ne. Wanda aka ji ya yi daɗi ɗauka ake yi, kuma babbar karramawar da mai busa zai yi wa wani ita ce ya busa nasa ya faɗi sunansa. Mutumin da ya shafe shekaru yana cewa kiɗanki ba ya rawuwa, ranar farko da wani abu naki ya kama shi, bai san yadda zai ce miki ya kama shi ba, sai ya kai shi gidan biki. Wannan bai wanke shi ba. Ya kamata ya tambaya, kuma maganar gyara da ya yi miki rashin kirki ce. Sai dai ina zargin cewa yanzu ya gane girman abin, kuma taurin kan da kike gani tsoro ne. Idan ya yarda ya yi laifi, dole ya yarda shi ne ya rufe wa 'yarsa ƙofa. Kin hana ni tambaya, to ba zan tambaya ba, amma ke ma kin san bai san sharaɗin ba.

Shawarata ita ce ki rubuta, kuma kada ki jira ranar ƙarshe. Ki daina neman sa hannunsa, ba zai sa ba, kuma ba kya buƙatarsa. Ki lura da abu ɗaya: masu gasar ba su ce a rubuta sata ba. Babanki da Vidak ne suka kawo wannan kalmar. Abin da aka tambaye ki shi ne ko kin ba da izini, kuma ba ki bayar ba. Ki faɗi yadda abin ya faru a taƙaice: mahaifinki mabushi ne da ke ɗaukar kiɗa da kunne, ya ji sautin a gida, bai taɓa ganin takardunki ba, bai san dokar ba, ke kuma ba ki san ya busa ba. Ki ƙara da cewa abin da aka busa sauti ɗaya ne da aka sauya masa sauri da kayan kiɗa, ba aikin da kika tsara wa ƙungiya ba. Idan akwai wani tsohon malaminki da zai kwatanta biyun ya shaida haka, ki nemi ya yi. Ki ce wa Vidak ya sauke bidiyon, amma kada ki ɓoye wa kwamiti cewa an taɓa sa shi.

Kafin ki aika, ki kira Babanki ki karanta masa da bakinki. Ba izininsa za ki nema ba, sanar da shi za ki yi, don kada ya ji daga bakin abokan hamayya. Zai yi faɗa, wataƙila ya kashe waya. Ki aika duk da haka. Idan kika haƙura don gudun fushinsa, ba zaman lafiya za ki saya ba, za ki riƙa kallonsa a kan teburi duk shekara kina tuna abin da ya ci miki, kuma wannan ya fi kowace takarda raba uba da 'ya.

Maganar slava kuwa, gidan ba na Vidak ba ne, kuma ban ga inda kika ce Babanki ya hana ki zuwa ba. Ki je. Ba sai kin yi fara'ar ƙarya ba. Ki sa hannu a burodin tare da su, ki gaya masa a fili cewa ba kya so a busa wannan kolon a gabanki. Idan ƙahon ya kwana a cikin akwatinsa ranar, to iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan. Ke za ki duba ko ya ishe ki.

Ba zan yaudare ki ba, kwamitin zai iya cewa a'a. Suna da sauran 'yan takara da za su kalli idonsu. Idan haka ta faru, ki yi baƙin cikinki yadda ya kamata, sannan ki tuna cewa mutanen da ba su san ki ba sun zaɓi aikinki daga cikin ɗaruruwa. Wannan ba a soke shi ba. Akwai gasannin da ba ruwansu da shekaru, akwai kuma shugabannin ƙungiyoyi da ke karanta abin da aka aika musu. Ki aika, ki kuma faɗi inda aikin ya kai.

Kin ce shekarunki sun kusa wuce iyakar da aka gindaya. Na Babanki ma suna da iyaka, kuma tasa babu kwamitin da zai sake dubawa. Ki kare aikinki a watan nan, ki je ki ga tsohonki a wata mai zuwa. Allah ya sa ki zauna a zauren gasar ki ji masu goge sun ja shi a hankali, yadda kika rubuta shi.

Taki,
Anti Persida