Robon da Ya Yi Jinyar Ɗana

Malama Latifa, don Allah ki taimake ni, 'yan gidanmu sun fara yi mini kallon mai taɓin hankali.

Ɗana Siddo ya tafi karatu Tunisiya, korona ta kama shi can. Likitar da aka kwantar da shi, wato asibitin, ba a barin kowa shiga. Wani robo ne, mutum-mutumi mai ƙafafun taya da gilashi a fuska, yake zuwa bakin gadonsa, ni kuma ta cikinsa nake ganin Siddo a salula daga nan Gaya. Ranar ƙarshe na ga numfashinsa ya canza, na fara laƙƙana masa kalmar shahada. Kin san halin resonmu, wato sabis ɗin waya, na bakin iyaka, sai salular ta tsallaka ta kama na Benin, hoton ya daskare. Kafin ya dawo, Allah Ya karɓi abinsa. Can aka binne shi.

A wurinmu, wanda ya yi jinyar mamaci ana zuwa a gode masa, a tambaye shi yadda aka cika. To ni wa zan tambaya? Shekaru ke nan, ko shinkafa nake sheƙa sai fuskarsa ta faɗo mini. Wallahi ina kewar yaron nan! So nake in je in ga robon, ko taɓa shi in yi. Babansa ya ce ƙarfe ne, in bar zancen. Shin Siddo ya ji ni ranar nan ko bai ji ba?

Uwar Siddo, Gaya

Uwar Siddo, Allah Ya jiƙansa. Hankalinki ƙalau yake, kewa ce. Amma maigidanki bai yi ƙarya ba: ƙarfe ba zai ba ki amsa ba, doguwar tafiyar za ta ƙara miki ciwo ne kawai.

Sai dai robon ba shi ya kai kansa ɗakin ba. Akwai ma'aikacin jinya da yake tura shi daga waje, yana kallo. Shi za ki nema. Abokan karatun Siddo su rubuta wa likitar. Mai yiwuwa ya tuna, mai yiwuwa ya manta, ki shirya wa duka biyun.

Wanda ya rasu a annoba, malamai sun yi masa kyakkyawan zato. Kuma kafin reso ya yanke, muryar wa ke cikin ɗakin? Mai jinyar da kike neman yi wa godiya, ke ce. Allah Ya sanyaya zuciyarki.

Malama Latifa