Kibiyar da Ta Rasa Wurin Zuwa

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna, ya shago? Ni lafiya lau. Ɗakin dai ƙarami ne, amma ban kai ga kwana a tsaye ba.

Saura ƙiris a sallame ni daga aiki. Ka san da littattafai na koya wa kaina rubuta manhajar kwamfuta. Sai shugabarmu ta ture manhajar ciniki da na yi mako uku ina rubutawa, ta nuna allo: "Zana tsarinta tukuna. Kowane mataki akwatinsa, kibiya zuwa na gaba. In zanen bai yi ba, ka tattara kayanka."

Na ce, "Ɗan firamare aka mayar da ni?"

Ta ce, "Bakinka kam ya gama digiri. Zana."

Na zana ina huci. A akwati na bakwai, inda mai saye ya fasa saye, kibiyata ta rasa wurin zuwa. Ban taɓa tunanin wannan ba. Na gyara, an bar ni a aikin.

Baba, na sha gunaguni cewa shata yadi da alli da kake yi kafin yanka ɓata lokaci ne. Na janye. Kada dai Yaya ya ji.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Sarkin Gardama