Kallo ɗaya na yi mata, ta goge amsarta

Anti, ki taimaka mini, abin nan ya hana ni sakat.

Ni malamar firamare ce. Bara wata ƙungiya ta aiko da takardun tambayoyi kan tsaftar muhalli, aka ba ni in raba wa 'yan aji biyar. Na sa kowa ya rubuta sunansa, ina zagaya bencuna ina leƙawa. Su arba'in da biyu ne, kowa ya ce ba ya jefa leda a kwata, sai yarinya ɗaya da ta rubuta cewa kullum tana jefawa. Kallonta kawai na yi. Ta goge.

Alhali ta tagar ajin nake ganin kwatar, cike da ledojin ruwa. Amma na ji daɗin amsoshin, har hedimasta ya yaba mini. Ƙungiyar ta ga ba mu da matsala, ta kai kwandunan shara da masu yashe kwata wata makarantar.

Da damina kwatar ta toshe, ruwan ƙazanta ya kwanta a ajin ƙanana. Yara tara suka kwanta da gudawa, ɗaya bai tashi ba. Ƙanen yarinyar nan ne. Ta dawo aji, ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Hedimasta ya ce in ja bakina, kada a ɓata sunan makaranta. Ya zan yi?

Malama mai nadama

Malama, Allah Ya jiƙan yaron. Ba ke kika kashe shi ba, kwatar ta girmi takardarki. Amma ba zan wanke ki tas ba. Yaro fuskar babba yake karantawa kafin ya karanta tambaya, ke kuma kin tsaya musu a ka.

Tsoron hedimasta ba na banza ba ne, don haka ki fara sanar da shi, sannan ki rubuta wa ƙungiyar yadda aka cike takardun, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ki nemi a sake: babu suna, babu malami a ajin, kowa ya jefa tasa a kwali. A kuma ƙirga ledojin kwatar na mako guda, a gwada da amsoshin.

Kafin duk wannan, ki je gidansu yarinyar. Ki gaya mata a gaban mahaifiyarta cewa amsarta ta farko ita ce daidai. Wataƙila ba za ta kalle ki ba. Ki faɗa duk da haka.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.