Tabon da Na Gani a Bayan Ardo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Maccido, mai wankan gawa na Gummi, nake rubuta muku wannan, Dalhatu da Husaina. Ƙafafuna sun ƙi ni, amma hankalina garau yake, kuma ba wanda ya tilasta ni.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa ta fadama ku raba yadda shari'a ta ce. Ɗakin Innarku kada kowa ya taɓa shi tana raye.

Na biyu. Buta da ƙwarya da ragowar magarya da kafur na Dalhatu ne, in zai ci gaba da aikin. Amma ka ji wannan kafin ka ɗauka.

Shekarar da gulbi ya cinye fadama, manya uku suka rasu tsakanin shuka da girbi, duk ni aka aiko wa mota. Alƙali Hamisu na Anka ya yi shekara talatin yana shari'a, ƙarti na rawar jiki gabansa, amma da na ɗaga shi bai fi damin kara nauyi ba. Malam Sadiq hedimasta, wanda rabin ma'aikatan Bukkuyum suka sha bulalarsa, ya tafi da alli a ƙarƙashin farcensa. Na ukun shi ne Ardo Saminu na Gwashi, da ya yi shekara ashirin yana shiga tsakanin makiyaya da manoma. In shanu suka yi ɓarna, yakan riga mai gona isa gonar.

Da na juya shi, sai na ga tsohon tabon sara daga kafaɗa har ƙugu. Ashe shi ya sa ko 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa babu riga ba. Daga baya na ji wani manomi ne ya sare shi yana sabon ardo, shi kuwa Ardo ya ɓoye don kada danginsa su rama.

Mai wanka ba shi da baki, haka Baba ya koya mini. Amma a hanyar dawowa na faɗa wa direba abin da na gani. Wallahi yabo na nufa. Kafin sadakar bakwai maganar ta isa ruga, 'ya'yan Ardo suka matsa wa uwarsu har ta faɗi sunan ƙauyen manomin, suka tafi ramuwa. Kafin arba'in na wanke mutum tara daga ɓangarorin biyu. Har yau in na zuba ruwan alwala a hannuna, sanyin jikinsu nake ji.

Na uku. Dalhatu, ka daina gaba da Husaina don tana aure a gidan Ardo. Ba mijinta ne ya fara ba, ubanka ne.

Na huɗu. Kada ɗayanku ya shirya wankana kafin ku karanta wa Hafizu, mijin Husaina, wannan takarda, domin bai san daga bakin wa maganar ta fito ba. Ku roƙe shi ya wanke ni. In ya ƙi, kada ku matsa masa. In ya yarda, duk abin da ya gani a jikina ya faɗa wa wanda ya so, ban cancanci shirunsa ba.

Allah Ya yi muku albarka, ɗiyana, Ya haɗa kanku. Ku riƙe Innarku, kada ku bar gidan nan ya watse. Ku yi mini addu'a, tsoro nake ji. Ardo ya rufe bayansa shekara ashirin, ni kuwa na kasa rufe bakina daga maƙabarta zuwa Gummi.