Abin da Ba a Faɗa a Zagaye na Takwas

Wollongong, 8 ga Disamba

Glenys, tsohuwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Yaya Noelene? Ƙugun nata ya fara ɗaukarta kuwa? Ki ce ina duba ta, kuma ta rage yi wa likitoci gardama. Ni lafiyata ƙalau, ina shan maganina a kan kari, tukunya biyu kacal na ƙona tun tafiyarki Launceston ta Tasmaniya. Kin ce in riƙa kiranki a waya. To kin san ni da waya, kunnen hagu ya yi ritaya, na dama kuma yana shirin bin sa. Gara in rubuta.

Na san za ki ce, "Ya fara." Shekara arba'in da ɗaya kina zama kusa da ni a filin besbol kina saƙa, ba ki taɓa sanin wa ke ci ba. Amma wa zan gaya wa in ba ke ba? An sayar da 'Yan Tasha, Glenys. Kulob ɗin da leburorin tashar jirgin ruwa suka kafa, wanda mahaifina ya tura baro ya zuba ƙasar tudun jifansa, yanzu yana hannun wata Madam Petrakis, mai manyan motocin sanyin nan da ke dakon kifi. Ban ce muguwa ce ba. Ta sa an yi wa banɗakuna fenti, ta kafa sabon allon nuna maki mai lantarki, ta kawo 'yan wasa biyu daga Koriya da wani Ba'amurke mai faɗin firji. Sai dai an ce ba ta taɓa zama ta kalli wasa daga farko har ƙarshe ba.

A bencinmu kuwa gardama ake kullum. Stojan, abokina na kamfanin ƙarfe, ya ce, "Mai sayar da kifi ai ta san ruɓaɓɓe in ta gani. Rabin kulob ɗin nan wari yake." Bev mai furen roba a hula ta ce, "Rufe mana baki, tsohon banza, kai da ko a mafarki ba ka taɓa bugun ƙwallo ba." Ana cikin dariya Stojan ya ce an rubuta sunayen waɗanda za a sallama a ƙarshen kakar wasa, kuma Darcy ne na farko, wai mai jifa ɗan shekara talatin da bakwai da ke gyaran famfo da safe ba shi da abin da zai ba kowa. Sai da ya gama ya tuna ɗan wa yake zagi. Ya ce, "Au, Vern, ba da kai nake ba." Na ce, "Da wa kake, da kakata?" Ya miƙo mini rabin tsiran alade da albasa cikin burodi, na karɓa, don yunwa nake ji.

Gaskiya ya faɗa kan sunayen, na bincika. Tun ranar, in na zauna a bencin da la'asar, iskar teku na kaɗawa, jiragen gawayi na tsaye can nesa suna jiran layi, sai in ga tudun jifan nan babu ɗanmu a kai, sai in rasa inda zan sa idona. Ina tsoro, Glenys. Ba na son a cire shi.

Ki gaida mutanen gidan. Ki sa rigar sanyi, na san Tasmaniya ko a bazara ba ta da amana.

Mijinki,
Vern

Wollongong, 6 ga Janairu

Maman Darcy,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya sa mun shiga a sa'a. Na ji daɗin jin Noelene ta taka daga gado zuwa taga. Kirsimeti babu ke, ban san me zan ce ba. Mun ci jatan lande da kankana a bayan gidan Darcy, matarsa ta yi ƙoƙari, amma kujerarki na nan a wofi kowa na kauce mata.

Labarin fili ba daɗi. Wasa goma sha ɗaya aka yi, zagaye huɗu kacal aka bar Darcy ya jefa. Sauran lokacin yana zaune a benci yana tauna cingam. Ba'amurken nan in ya bugi ƙwallo sai ta haye katanga ta faɗa wajen ajiye motoci, amma gudu kam, ni da sandata zan riga shi. Bev ta ce a mayar da shi, Stojan ya ce a ƙaro irinsa uku. Yaron Koriya ɗaya, Seo, ya iya jifa, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma yana cire hula ya rusuna wa Darcy duk safiya. Na so in tsane shi na kasa.

Na rubuta wa Madam wasiƙa shafi huɗu. Na gaya mata Darcy ya yi wa kulob ɗin nan kaka goma sha takwas, na gaya mata labarin mai farautar 'yan wasa da ya zo daga Amurka lokacin yana ɗan sha tara, ya auna saurin jifansa, ya ci abinci a gidanmu, ya tafi bai sake waiwayo ba. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Darcy kuma da na ba shi labari sai ya ce, "Baba, da ka bari." Shi ke nan abin da ya ce.

Ranar Asabar zafi ya kwantar da ni a benci, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na yi mafarki filin ya tsinke daga gari yana yawo a kan teku, ciyawa shar, jirage na ba mu hanya. Duk 'Yan Tashan da na taɓa sani suna ciki, na raye da waɗanda suka riga mu, mahaifina na tsaye bayan mai kamun ƙwallo da hularsa ta aiki. Darcy yana jifa a hankali, ƙwallon tana tafiya ba ta sauri, rana kuma ta ƙi faɗuwa. Ke kina gefena, kin ajiye saƙar kina kallo. Da na farka Stojan ya ce munsharina ya sa alƙalin wasa ya juyo.

Ga ɗan haske dai. Seo ya fasa farce, don haka koci ya ce Darcy ne zai fara jifa a wasan ƙarshe, Lahadin ƙarshen wata. An ce Madam za ta zo, tun da rufe kaka ne. In ta gan shi da idonta, Glenys, ba za ta iya sallamar sa ba. Abin da nake kwana da shi ke nan nake tashi da shi.

Ki ci abinci, kar jinya ta ramar da ke.

Naki har kullum,
Vern

Wollongong, 30 ga Janairu

Glenys,

Ina gaishe ki, ina gaida Noelene, da fatan sauƙi na ƙaruwa. Jikina lafiya. Sauran kuma ki karanta ki gani. Ki zauna tukuna, ki yi haƙuri da ni, dole in koya miki abin da kika ƙi koya shekara arba'in.

Wasa zagaye tara ne, a kowane zagaye sai mai jifa ya fitar da masu bugu uku. Mai jifa yana jifa, mai bugu yana neman ya buga ƙwallon inda ba kowa, ya ruga ya taka zangon farko kafin a mayar da ita. To akwai wata rana da ke zuwa wa mai jifa ɗaya cikin ɗaruruwa: a gama zagaye taran nan cur babu wanda ya bugi jifansa ya tsira ko sau ɗaya. 'Yan Tasha ba su taɓa ganin irinta ba tun da aka kafa su. Kuma in abin ya fara, ba a faɗa. Abokan wasansa sukan bar masa benci shi kaɗai, mai sharhi a rediyo ya yi ta kewaye-kewaye, 'yan kallo su haɗiye miyau. Wanda ya furta, shi ya karya. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowa ya sani.

Ranar Lahadin nan sama ta yi wasai, ba gajimare ko ɗaya, dutsen bayan gari ya yi shuɗi. Darcy ya hau tudu ba ya gaggawa. Jifansa ba ƙarfi, amma ƙwallon sai ta zo gaban mai bugu ta lanƙwasa ta nutse. Wasu su kai wa iska duka, wasu su ɗaga ta sama a cafe. Ba'amurken namu ya ci mana ɗaya a zagaye na uku. A na biyar Stojan ya daina magana, abin da ban taɓa gani ba. A na shida Bev ta ajiye kofin shayinta ba ta sake ɗauka ba. A na bakwai filin ya yi tsit, mutum dubu biyu, har ina jin kukan tsuntsayen teku da wannan kunnen nawa. Na rasa ko a farke nake. Na riƙa jin kamar in na motsa ƙafa komai zai watse.

An gama zagaye na takwas ke nan sai ga Madam tana saukowa ta matakalar gefenmu, makullin mota a hannunta. Jakar Bev ta tare hanya, ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Kai ne baban Darcy mai wasiƙa, ko? Yi haƙuri, Baba, ban samu na amsa ba. Zan wuce, jirgi zan kama." Sai ta waiwayi fili ta ce, "Wasan yau ba armashi. Ba wanda ke bugun komai, mutane ma duk sun gaji sun yi shiru."

Kin ji fa, Glenys. Matar nan ta kalli rana mafi girma a rayuwar ɗanmu ba ta ga komai ba, kuma za ta tafi da sunansa a saman takardarta. Stojan ya take mini ƙafa. Bev ta girgiza mini kai, idonta cike da roƙo. Madam ta ɗaga ƙafa za ta tsallake jakar. Na san dokar tun ina ɗan shekara shida. Na buɗe baki na ce, "Ranki ya daɗe, ba gajiya ba ce. Zagaye takwas ke nan ba wanda ya bugi jifan ɗana ya tsira. Ba a taɓa yi ba a filin nan."

Kin san kurma ba ya jin ƙarar muryarsa. Layi goma suka juyo. Madam ta dubi fuskokinsu, ta dubi allo, ta zauna a kan matakalar da tsadaddiyar rigarta.

Zagaye na tara, mai bugu na farko ya ɗaga ta sama aka cafe. Na biyu wani siriri ne da ya yi wata guda bai bugi komai ba. Ya ɗan taɓa ta kawai, ta tashi a hankali ta haye kan mai tsaron zango na biyu, ta sauka a kan ciyawa tana gangarawa. Filin ya yi wani irin nishi. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Stojan ya matsa kujera ɗaya. Bev ta ce, "Vern, Vern." Koci ya fito ya karɓi ƙwallon, kowa ya miƙe yana tafi, har Madam. Darcy ya ɗaga hula ya shige. Wani ya ƙarasa jifan, mun ci ɗaya da nema.

Jiya da safe Darcy ya zo gyara famfon kicin da ke ɗiga. Yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ƙafafunsa kawai nake gani, ya ce, "Madam ta kira ni. Ta ce in ƙara kaka ɗaya." Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na ce to, alhamdu, ban yi a banza ba. Sai ya ce, "Na ce mata na gode, na ajiye wasa. Tun Nuwamba na yanke, Baba. Kafaɗar ta ƙare, riga ma da ƙyar nake sawa. Mama ta sani."

Na ce, "Ka ji abin da na yi?" Ya ce, "Duk garin ya ji." Ya ɗan yi dariya, ya ce, "Ƙwallon ce ba ta lanƙwasa ba, ba bakinka ba ne. Miƙo mini sifana." Na miƙa masa. Ya ɗaure abin da zai ɗaure, sannan daga can ƙasa ya ce, "Ni dai ba wata kakar nake nema ba. Mutum biyu kawai suka rage mini."

Glenys, me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko kuwa kin gaya mini, ina can ina zuba a kan Madam da jerin sunayenta ban saurara ba? Na fi zaton haka ne. Tun jiya nake juya abin. Na yi ta cewa don shi na yi, amma ni ne nake son in ƙara shekara ɗaya ina zaune a bencin nan ana nuna ni ana cewa ga baban mai jifa. Shi rana ɗaya tak ya so, ta zo masa har hannu, na buɗe baki. Ko bakina ne ko ba bakina ba ne, ba zan taɓa sani ba, shi ma haka.

Da zai tafi ya rungume ni da hannun hagu, na dama bai ɗagu ba.

Ki gaida Noelene. In ta fara takawa ba mai riƙo, ki dawo gida, don Allah. Ina kewarki ƙwarai.

Mijinki,
Vern