Katinka Yana Wurina

Ya Wisnel, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, kai da ka fi ruwan farkon damina daɗi a zuciyata,

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mama. Katinka na aiki bai faɗi a gonar rake ba. Ni na ɗauke shi.

Ranar da ka kawo wa Mama wanki, ni na laluba aljihun rigarka, sai ga fuskarka a jikin kati, ka haɗe rai kamar an yi maka dole. Shekara biyu ina leƙenka ta bayan igiyar shanya, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba! A littattafan da nake karantawa kowace yarinya tana da hoton masoyinta. Ni kaɗai ce ba zan samu ba? Na ce kwana ɗaya tak zan riƙe, in kalle ka son raina.

Washegari da hantsi motar masu kaki ta shigo gona kamen baƙi marasa takarda. Aka ba ni labarin yadda ka yi ta laluben aljihu, kana rantsuwa kana da kati, helma shugaban leburori yana tsaye bai ce ya san ka ba, kai da ka yi masa kaka uku kana saran rake. Ko ruwa ba su bari ka sha ba. Suka tsallakar da kai iyaka zuwa Haiti da takalmin roba da rigar da ke jikinka.

Gwaggonka Filomen tana cewa a daina kuka, ko da katin ma ba sa duba komai sai baƙar fata, ai tsoho Anel ya nuna nasa suka yaga a gabansa. Amma mutum huɗu sun nuna an sake su, Wisnel. Huɗu! Da kai ne na biyar?

Ka tuna ran da ka fere min rake da addarka, hannunka duk yankan ganye? Ka ce, “Malama mai littafi, ci ki daina jin kunyar talaka.” Na ruga ɗaki ko godiya ban yi ba. Yanzu gonar nan kamar kogin da ya ƙafe, iska tana kaɗa rake ina jin kamar kirana kake. Wace irin soyayya ce wannan da ta raba ka da abincinka?

Ban ce ka so ni ba. Ka dawo kawai kafin a gama sara, ko da ba za ka sake kallon ƙofarmu ba. Ni dai kai ne, yau da gobe har in tsufa.

Gwaggo Filomen za ta kasuwar kan iyaka ta Jimani ranar Litinin, inda za ku haɗu. Na san ba ka iya karatu ba, ita za ta karanta maka, kafin Laraba duk barikinmu na leburori ya ji. To, su ji. Na naɗe katin a cikin wasiƙar nan, yanzu zan kai mata da hannuna.

Taka har abada,
Yolette