A Maido Muna Rairai a Zauren Taro

Zuwa ga Malam Hamidu ɗan marigayi Arzika, Shugaban ƙungiyar rumbun tsimi ta garinmu, ƙasar Kurfai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan komite, ni ne Nomau, taubashin mahaifinka, wanda kuke kira Tsohon A'a in na ba da baya. Na sani, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa ba. Isuhu tela ke rubuta wannan, na kuma ce a karanta ta a bakin masallaci kowa ya ji.

Tun shekarar da fara ta sauka ta cinye hatsi shina tsaye, har mazan gari sunka watse Yamai da Kwatano, munka kafa wanga rumbu. Niyyar guda ce: a tara hatsi da kaka, a rufe, kada a buɗe sai damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbunan gida sunka zama fanko. Yau ga shi an yanke a sayar da rabinsa ga ɗan kasuwar Filinge ranar Lahadi mai zuwa, a yi sabon rufin kwano da ɗakin biro, wato ofis, in kaka ta yi a sake cikawa. Kuma an ce kowa ya yarda. A kan wannan "kowa" nake magana.

Na farko, bari in rage maka aiki, in faɗi laifina kafin ka faɗa. Da anka kawo famfo na ce ruwan ƙarfe ba ya kashe ƙishirwa, yau ni ke fara kai jarka. Da anka kawo salula na ce aljanu ne, yau tana aljihuna, ko da yake sai an danna mini. Hatta tabarau na ƙi, sai da na yi wa kututturen gao sallama har sau biyu ina jiran ya amsa. Rufin rumbu kuwa shina yoyo, na gani da idona, da tabarau. Ban ce ka ci ko ƙwaya ba, kuma wanda ya ce ka ci, da ni zai yi.

Na biyu, yadda ake taro zamanin mahaifinka. Ƙasa muke zama, bisa rairai, ƙarƙashin gao. Arzika in ya kawo magana ba fuskoki yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Mutumin Kurfai ba ya ce wa babba a'a cikin jama'a. In bai yarda ba, sai ya ɗauki tsinke ya shiga zane a rairai, ya zana ya share, ya zana ya share. Bafillacen rugar gabas, shi sandarsa yake soka wa ƙasa yana murzawa. Mata kuwa, in ka ga sun fara tuna tukunya bisa wuta ɗaya bayan ɗaya, maganar ba ta shige su ba. Arzika in ya ga ƙasa ta cika da zane sai ya ce a kwana bisa maganar. Daga nan kowa ya biyo ta rumfata, wai ya zo gaisuwa ko aron igiya, ya zube mini abin da ke cikinsa. Taro na gaba in tashi in faɗe shi duka kamar haukata ce, in haɗa da zagin Arzika, tunda taubashina ne. In ce mishi mai kan tulu, ya ce mini baƙin jaki, a yi dariya, a gyara magana, ba wanda ya ji kunya. Aikina ke nan a ƙungiya. Ba a zaɓe ni ba, ba a kuma taɓa tsige ni ba, sai da siminti ya zo.

Na uku, sabon tsari. Ka je horo Yamai ka dawo da abubuwa masu kyau a ido. An gina zaure, an shafe shi da siminti, an jera kujerun roba. Ka ce daga yau babu mai magana da bakin wani, kowa ya faɗi ra'ayinsa da kansa, wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Na ji daɗin maganar, wallahi, har na gyaɗa kai. Amma ɗana, dubi wanda ka ce ya faɗi ra'ayinsa. Wane ke auren ƙanwarka. Wane kai ka kai matarsa asibiti da babur. Wane gonarsa na iyaka da taku tun kakanni. Ka tsaya gabansu, hannunka a sama, kana kallon idonsu, ka ce wa ya yarda. Me kake jira su yi? Na ga yatsun ƙafar mutane suna ta sosa siminti a ranar da anka yanke sayar da hatsin, ba abin da ya fito.

Na huɗu, kuma nan ne abin kunyar. Ni da na kwana ina shirya a'a, na zo da ita cike da baki, da ka juyo ka dube ni sai na ga goshin Arzika sak. Kai ba taubashina ba ne, ɗa ne. Ba ni da bakin ce maka mai kan tulu, wata hanyar faɗin gaskiya kuma ban koya ba. Ina nan ina neman ta inda zan fara, sai na ga wani hannu a sama kusa da kunnena, da tabon lauje a babban yatsa. Nawa ne. Ya tashi bai shawarce ni ba. Har sakatare ya ce a tafa wa Baba Nomau, yau ya yarda da abu. Anka tafa. Na koma gida, tsohuwata Hajo ta aje mini tuwo ta ce in ci da hannun da ya yarda, ɗayan na a'a ya huta.

Na biyar, abin da ya biyo baya. Tun daga ranar rumfata ba ta huta ba, igiyata kuwa an are ta har ta gaji. Ba zan faɗi suna ba, amma mai gurguwar saniya ya san kansa. Ya ce mini hatsin gidansa ba zai kai shuka ba. Wata da mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba ta ce da wanga rumbu ta dogara. Kai ma ka san abin da ke faruwa in rumbun gida ya ƙare ana tsakiyar noma: mutum ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don abin da za a dafa yau, ciyawa ta cinye tasa, baɗi ya fi bana talauci. Don kada a yi haka munka kafa rumbun. In an sayar da rabi, rabin da ya rage ba zai kai su ga sabon hatsi ba. Kuma kaka da kake cewa za a cika, wa ya ga damina tun ba ta sauka ba? Mu da munka ga hatsi ya yi kai sannan fara ta zo, ba mu iya rantsuwa a kanta.

Duk waɗannan mutane sun ɗaga hannu. Ba munafukai ba ne, kunya gare su, kuma kai ma da kunyar anka rene ka.

Don haka ga roƙona. A dakatar da motar ɗan kasuwa, kada ta zo Lahadi. A sake taro, ka kawo maganar, ka aje hannunka bisa gwiwa, ka dubi ƙasa. In ka ga ƙasa lafiya lau, ba zane, to a sayar, ni zan fara ɗaukar buhu in bayana ya yarda. Rufi kuwa, a liƙe inda ke yoyo bana, biro ya jira kaka. Sannan ka nemi wanda zai gaje ni cikin taubasanka, ɗan gwaggonka Sumana bakinsa ya isa, ka ba shi izinin zaginka a taro. Ni na tsufa, kuma ka ga yadda hannuna ya fara yi mini.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka haƙurin mahaifinka, ya jiƙan Arzika mai kan tulu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa in zama ni ne mai kuskure kamar ranar famfo.

Kujerunku ban ce a ƙone su ba, simintin ma ban ce a fasa ba. Gobe da safe in Allah ya kai mu, bayan na karya, zan ɗaura wa jakina amalanke in gangara fadama in ɗebo rairai, in zube shi a zauren taro tun daga ƙofa har gaban teburinka, in watsa tsinkaye a kai. Wanda zai share ya zo da tsintsiyarsa, zai iske ni zaune a tsakiya, hannuwana biyu a ƙarƙashin cinya.

Wassalam.

Nomau ɗan Gado